Kyautar siddabarun fim: wa ya yi aikin, wa ya ɗaga kofin?

A wani ɗan shago da ke lungu bayan Titin Bauchi, a nan Jos, na tarar da wani ƙanena mai tace finafinai ya duƙufa a kan fitowa ɗaya tun bayan Azahar. Fim ne na labarin zamanin da, an ɗauke shi wajen duwatsun Shere: mahayi da rawani a kan doki, ƙura tana tashi. Sai dai can a bayansa ga turken wutar lantarki tsaye da wayoyinsa uku, ga kuma ƙarfen sabis ya leƙo ta kan dutse. A lokeshin ba wanda ya damu. Darakta ya ce a bari kawai, edita zai goge.

Ɗaukar ba ta wuce daƙiƙa huɗu ba. Amma kowace daƙiƙa ta fim hotuna 24 ce ko 25 a jere, ka ga kusan hoto ɗari kenan, kuma a kowanne wayar ta ratsa ta bayan jelar rawanin da iska ke kaɗawa. Dole ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya zagaye rawanin, ya cire wayar, ya cike gurbinta da sararin sama mai launi daidai da na kewayensa. Na tambaye shi nawa za a ƙara masa a kan wannan. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai duk cikin kuɗin editin ne. In na yi shi da kyau ba wanda zai san na taɓa wurin. In na yi kuskure kuwa, gobe duk Facebook an san ni."

Da wannan maganar tasa nake auna duk wata kyauta da ake bayarwa a duniya kan siddabarun fim, abin da masu kallo a wajenmu ke kira haɗin kwamfuta. Jarumi ana ganin kukansa, mawaƙi ana jin muryarsa. Shi kuwa mai wannan sana'a, iyakar gwanintarsa ita ce kada a gane ya yi komai. To yaya za a yi alƙalancin abin da aka yi domin kada a gan shi?

Abu biyu ne mutane ke haɗawa wuri guda. Akwai dabon da ake yi a gaban kyamara: a kunna wuta ta gaske, a fasa mota, a yi ruwan sama da tiyo, a gina ɗan ƙaramin gari na katako a ɗauke shi kamar babba. Akwai kuma wanda ake yi bayan an tashi daga lokeshin, a cire abin da ke cikin hoto ko a ƙara abin da babu. Na biyun ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Yadda aljani ke ɓacewa a tsofaffin finafinanmu na kaset, a tsayar da kyamara, mutum ya fita, a ci gaba da ɗauka, dabara ce da Bafaranshe Georges Méliès ya yi suna da ita tun kafin 1900. Kyautar Oska, babbar kyautar finafinai ta Amurka, ta haɗa nau'o'in biyu a rukuni ɗaya, shi ya sa a 2021 fim ɗin Tenet, wanda aka kara jirgin Boeing 747 na gaske da gini domin a ɗauka, ya ci kyautar da mutane ke zaton ta masu kwamfuta ce zalla.

Tun bikin Oska na farko a 1929 an ba Roy Pomeroy lambar yabo kan dabarun fim ɗin yaƙin jiragen sama mai suna Wings, sai rukunin ya ɓace na kusan shekara goma. Da ya dawo a kan finafinan 1939, an haɗa dabon hoto da na sauti, kuma wanda ya ci shi ne The Rains Came, labarin da aka ce ya faru a Indiya, saboda girgizar ƙasa da ambaliyar da aka ƙirƙira a cikinsa. A 1963 aka raba sauti da hoto. Daga nan tarihin sananne ne: George Lucas ya kafa kamfanin ILM a 1975 domin Star Wars, Jurassic Park ya zo a 1993 da dodannin da na kwamfuta a cikinsu ba su wuce kamar minti shida ba a duk fim ɗin, sannan kamfanin Weta na Niyu Zilan ya ci shekara uku a jere da The Lord of the Rings. Dennis Muren na ILM shi kaɗai yana da Oska takwas a wannan fanni. Na tabbata a cikin masu karanta wannan, mutum ɗari sun ga aikinsa kafin a sami ɗaya da ya taɓa jin sunansa.

Yadda ake zaɓen ne ya fi jan hankalina, domin a nan gardamar take. Hukumar Oska tana da reshe na masu wannan sana'a. Kwamitinsu ne ke tace finafinan shekara zuwa 20, sannan zuwa 10. Waɗannan goman ake kira wani zama a Los Anjales, wanda sunan da suka laƙaba masa ke nufin gasar masu gashin burodi. Kowane fim shugabannin aikinsa za su tashi gaban abokan sana'a, a haska gutsuren aikin, su yi bayanin yadda aka yi, a yi musu tambayoyi. A wannan ɗaki ba a ruɗin kowa da ƙarar fashewa. Mutanen da ke zaune sun san wahalar gashin dabba a cikin ruwa, sun san inuwar da ba ta zauna daidai ba, kamar yadda tela ke juya riga ya duba ɗinkin ciki kafin ya yaba. Su ne ke fitar da finafinai biyar na ƙarshe.

Daga nan sai al'amarin ya fita daga hannunsu. Wanda zai ci a cikin biyar ɗin, duk membobin hukumar ne ke kaɗa masa ƙuri'a, mutum wajen dubu goma, kuma reshen da ya fi kowanne yawa shi ne na 'yan wasa. Jarumar da ba ta taɓa buɗe manhajar haɗa hoto ba, ƙuri'arta daidai take da ta wanda ya shekara talatin a sana'ar. Ba zaginta nake yi ba, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Sai dai abin da idon ɗan kallo ke kamawa shi ne abin da ya ba shi mamaki, ko kuma fim ɗin da ya riga ya so saboda labarinsa. Shi ya sa masu bin wannan harka suka daɗe da lura cewa in akwai fim a cikin biyar ɗin da ke takarar gwarzon fim na shekara, sau da yawa shi ke tafiya da kofin siddabaru ma.

Wani lokaci hakan kan faɗa daidai. A 1995 Forrest Gump ya ci, kuma aikin da aka fi tunawa a cikinsa shi ne na sojan da ya rasa ƙafafu a yaƙin Biyetnam. Ɗan wasan ƙafafunsa lafiya lau, shuɗin ƙyalle aka naɗe su da shi aka goge su hoto bayan hoto. Aikin ƙanena ne na Titin Bauchi sak, bambancin kuɗi ne da yawan hannu.

Sannan ga ƙa'idar da ta fi ci wa 'yan sana'ar tuwo a ƙwarya: mutum huɗu kacal ake rubuta wa sunan kyautar. Babban fim na yau kan ci mutum ɗaruruwa, wani sa'in fiye da dubu, a kamfanoni da dama da ke Landan da Bankuba da Mumbai. Ka tsaya a ƙarshen irin wannan fim ka ga sunayen da ke gudu a allo bayan kowa ya tashi yana neman takalminsa. Huɗu daga cikinsu ne za su hau dandamali.

Wannan giɓin ne ƙungiyar masu sana'ar, wadda aka fi sani da VES, ta zo cikewa. An kafa ta a 1997, ta fara nata bikin a 2003, kuma yanzu tana da rukunai fiye da ashirin. Ta rarraba sana'ar gida-gida: kyautar wanda ya ƙirƙiri halitta daban, ta wanda ya gina gari ko daji daban, ta masu kwaikwayon ruwa da wuta da hayaƙi daban, ta masu haɗa ɓangarorin hoto su zama ɗaya daban. Akwai ta talla, akwai ta wasannin kwamfuta, akwai ta ɗalibai. Wadda ta fi burge ni ita ce ta siddabarun tallafi, wato aikin da aka yi a fim ɗin da ba na dodanni ko sararin samaniya ba: goge turken wuta, mayar da titin yau ya koma na 1960, cika filin wasa da jama'ar da ba su zo ba. Masu shiga takara sukan kawo hoton kafin aiki da na bayan aiki, alƙalai su ga biyun. A ganina, in ba a ga hoton kafin ba, duk alƙalancin da za a yi wa wannan sana'a shaci-faɗi ne.

Ingila tana da nata rukunin a kyautar finafinanta ta BAFTA tun farkon shekarun 1980, kuma sakamakonsa kan zo kusa da na Oska. A talabijin kuwa Emmy ce, wadda ta raba kyautar gida biyu, ta zango sukutum da ta kashi ɗaya tak. Game of Thrones ya ci sau da dama da dodanninsa masu aman wuta, The Mandalorian ya ci a 2020 da 2021 bayan ya maye gurbin koren ƙyallen da ake rataya bayan 'yan wasa don a sa hoton wurin daga baya da katangar allunan haske da ke nuna wurin tun a lokacin ɗauka. Amma ita wannan kyauta ba a daren da duniya ke kallo ake miƙa ta ba. Bikin masu aikin bayan fage daban ake yi, kwanaki kafin na taurari.

Yanzu ga labarin da duk mai son fahimtar darajar kofin nan ya kamata ya sani. Da yawanmu mun kalli Life of Pi, yaron Indiya da ya maƙale a kwale-kwale da damisa a tsakiyar teku. Tekun wani ƙaton tafki ne da aka gina a Taiwan, damisar kuma a mafi yawan fitowarta babu ita, kamfanin Rhythm & Hues na Los Anjales ne ya zana ta gashi bayan gashi. Fim ɗin ya tara fiye da dala miliyan 600. A watan Fabrairun 2013, ƙasa da mako biyu kafin bikin Oska, kamfanin ya shigar da takardar karayar arziki a kotu, ya sallami ma'aikata fiye da 200. Ranar 24 ga watan, yayin da taurari ke shiga zaure, ɗaruruwan masu wannan sana'a suna zanga-zanga a titi ba nisa da wurin. Aka kira sunan fim ɗin, ya ci. Shugaban aikin, Bill Westenhofer, ya gama godiya ya fara maganar halin da kamfaninsu ke ciki, sai aka taso masa da kiɗa aka kashe makirfo. Kwanakin da suka biyo baya ma'aikatan fannin a ƙasashe da dama suka mayar da hotunansu na shafukan sada zumunta koren fili, wato ga yadda finafinanku za su zama in babu mu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yaya kamfani zai yi aikin da ya fi na kowa a duniya kuma ya karye? Amsar tana cikin yadda ake cinikin. Kamfanonin siddabaru sukan yi takarar kwangila a kan farashi tsayayye tun kafin a ɗauki fim, alhali manyan masu ba da aikin 'yan ƙalilan ne, kowa na tsoron ya ɓata da su. Darakta ya canza ra'ayi sau goma, a jinkirta fim wata shida, ma'aikata suna zaune ana biyansu, asarar duk a wuyan ɗan kwangila. Fim ya yi kasuwa, ba shi da kaso a ribar. Ga kuma gwamnatocin Kanada da Birtaniya da wasu ƙasashe suna mayar wa masu fim wani kaso na kuɗin da suka kashe a ƙasarsu, sai aiki ya riƙa ƙaura yana bin rangwame, ma'aikaci ya riƙa bin aiki da jakarsa. Sai a Satumban 2023 ma'aikatan siddabaru na kamfanin Marvel suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago, abin da masu kyamara da masu haske suka yi tun zamanin kakanninsu. Duk edita a Jos ko Kano da furodusa ya taɓa ce masa "ɗan gyara kaɗan ne" bayan an gama ciniki, ya san wannan karatun ba sai an fassara masa ba.

Akwai ma wani salon cin fuska da ya shigo: a tallata fim da cewa komai na gaske ne, babu kwamfuta, don an lura masu kallo sun fara ƙosawa. Haka aka yi ta yayata Top Gun: Maverick a 2022, kuma gaskiya ne 'yan wasan sun hau jirage. Amma an taɓa ɗauka fiye da 2,000 a cikinsa da kwamfuta, har ya shiga biyar ɗin ƙarshe na Oska a rukunin abin da ake cewa bai yi amfani da shi ba.

Duk da haka ba zan ce kofin na masu kuɗi ne kaɗai ba, kuma nan ne maganar ta shafe mu. A 2016 wani ɗan fim na Birtaniya, Ex Machina, da aka yi da kimanin dala miliyan 15, ya kayar da sabon Star Wars. Yarinyar da ta fito a mutum-mutumi an ɗauke ta ne sanye da kaya masu ruwan toka, sannan a sake ɗaukar ɗakin babu kowa, daga baya a goge cikinta da hannayenta a sa na inji, bangon da ke bayanta ya riƙa bayyana ta ciki. Dabarar ɓacewar aljani ce aka yi mata aiki da haƙuri. A cikin huɗun da suka karɓa akwai Sara Bennett, mace ta biyu a tarihin rukunin bayan Suzanne Benson a 1987. A Maris na 2024 kuma Godzilla Minus One na Japan ya ci da ma'aikata 35 da ɗauka 610. Daraktan, Takashi Yamazaki, shi ne kuma shugaban siddabarun, don haka ya san abin da zai nema tun kafin a kunna kyamara, ba ya cewa a bari edita zai goge. Kafin shi, daraktan da ya taɓa cin wannan kyauta shi ne Stanley Kubrick a 1969.

Masoya finafinan Indiya, ku ma kuna ciki. Kyautar finafinai ta gwamnatin Indiya ta karrama siddabarun Enthiran da Baahubali da RRR, kuma mutum ɗaya, V. Srinivas Mohan, yana cikin ukun. Kamfanin DNEG da ya yi aikin Dune, wanda ya ci Oska a 2022 da kashi na biyu a 2025, shugabansa Namit Malhotra ɗan Mumbai ne, kuma dubban ma'aikatansa a Indiya suke.

A nahiyarmu, kyautar AMAA da marigayiya Peace Anyiam-Osigwe ta kafa a 2005 tana da rukunin siddabarun hoto, kuma The Figurine na Kunle Afolayan ya ci shi a 2010. A bukukuwan karrama 'yan fim na Arewa da na halarta kuwa, tafi yana ƙarewa ne a kan jarumi da jaruma da mawaƙi. In an yi adalci a kira edita, a dunƙule masa yanka da launi da sauti da haɗin kwamfuta a kofi ɗaya, lokacin rabin zaure ya fita ɗaukar hoto da taurari. Abin da ɗan ciwo in ka tuna a Jos hedikwatar Hukumar Finafinai ta Ƙasa take, wadda aka kafa a 1979 kuma Ali Nuhu ke shugabanta tun Janairun 2024, ga Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa, ga Kwalejin Talabijin ta NTA a Rayfield, ga bikin Zuma da hukumar ke shiryawa a Abuja. Hannu ma akwai. Yaran nan na Kaduna da ake kira The Critics sun ja hankalin duniya a 2019 da wayar hannu da koren yadi da abin da suka koya a YouTube.

Da za a tambaye ni, ba zan ce a kwaikwayi Oska ba, tsarin VES zan ce a ɗauko a rage masa tsawo. Kyauta biyu sun isa a fara: ɗaya ta abin da aka ƙara, aljani ne ko gobara ko rundunar mayaƙa, ɗaya ta abin da aka goge. A ƙara ta ɗalibai in da hali. Alƙalai su zama masu sana'ar, kada a buɗe ƙuri'ar waya, domin a ƙuri'ar waya mai yawan mabiya ne ke ci ko da wutar fim ɗinsa ta yi kama da zanen ɗan firamare. A rubuta sunan wanda ya zauna gaban allon, ban da na furodusa. Kuma kowa ya zo da hotonsa na kafin da na bayan.

Na faɗa wa ƙanena wannan shawara bayan Magariba, lokacin ya kai hoto na sittin da wani abu, an ɗauke wuta sau ɗaya ya tayar da janareto. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya nuna mini ma'ajiyar bayanansa da ke gefen tebur, an ɗaure wayarta da salatif, ya ce, "Yaya, na kafin ai ba ma ajiyewa. Ina miƙa fim ɗin nan ranar Alhamis zan share komai, akwai biki biyu da zan sauke ranar Asabar."